Ina Ruwansa?

A Mokoyo, bayan masu gyaran fitila,
kakana Labo na da rumfa, rabi rana, rabi inuwa.
Da almakashi mai giɓi yake yanka gwangwanin madara,
yana ƙera abin da Maraɗi ba ta taɓa jin kukansa ba,
ya jera bisa tabarma, ba don kasuwa.

Shekarar da kamyo ta kwashe shi da buhunan gyaɗa,
a gindin dalar Kano ta zubar da shi da yunwa.
Suka miƙa masa shebur, suka nuna masa bakin wuta.
Shekara goma sha tara yana ciyar da ƙarfe baƙin dutse,
girarsa ta hagu ta ƙone, har yau ba ta tsirowa.

Ya ce: Jika, manyan da ke zuwa Ikko
kowane na jan keken ruwansa kamar jelar giwa.
Su ake yi wa hoto.
Namu gajere ne, ɗan aikin tsakar gida,
guzurinsa a jikinsa, ba ya jiran kowa.

Ya ɗauki na fari. Ka ga wannan?
Tanki a dama, tanki a hagu,
mangala ce bisa jaki, an daidaita ta wajen azawa.
Na biyu an kifa masa tanki bisa tukunya
kamar sirdi, ruwan na shan ɗumi tun kafin shiga,
sai dai direba na leƙe da wuya kamar zalɓe,
don ƙusumbi ya tare masa hangen mai zuwa.
Na uku ya juya shi ciki sama:
wannan rijiyarsa tsakanin ƙafafu aka haƙa,
ba ya tangaɗi a kwana, amma saurin jin ƙishirwa.

Ya kama yatsana ya bi da shi kan marafan kwalba.
Ƙirga. Gaba babu, tsakiya shida, baya babu.
Sunan zuriyarsu ke nan, ba su da wani kirari.
Sandan ƙarfe ya ɗaure shidan wuri guda,
in ɗaya ta motsa, sauran ba su da ta cewa.
Akwatin gawayi a ƙeya, ɗan ƙarami,
gaba da baya duk ɗaya ne gare shi,
ba a kai shi faifan juyawa.

Sai ya yi shiru, dalma ta huce a kan ƙarfe.
Ya ce: Abin da ban gane ba sai da na tsufa,
nauyin ruwan ne ke danne ƙafa bisa dogo.
Da safe, tanki cike, tarago ashirin yake turawa.
La'asar na yi, ciki ya sauka,
ƙafa ta yi ta sulɓi wuri ɗaya, tartsatsi na tashi,
sai mun watsa yashi kafin ya samu kamawa.
Ya dubi ƙwaurinsa guda biyu, ya yi dariya,
ya ce in miƙo masa sanda, la'asar na matsowa.

Bara aka kafa turaku a gonakin kudu da gari,
aka ce dogo ne zai iso mu, bayan tsawon jira.
Na kawo masa hoton sabon kan jirgi a waya,
sumul, ba bututu, ba toka, ba mai shebur.
Ya kai fuska kusa, ya duba kwiɓi, ya duba baya,
ya karkata wayar ko zai ga ƙarƙashi.
Ya ce: To, ina ruwansa?
Masu fitila suka fashe, sun ɗauka gatse ne.
Ni na san tambaya ce, ban da amsar bayarwa.

Yanzu rumfar ta koma hannun mai cajin waya.
Ukun suna bisa tagata, tsatsa ta fara cin mai sirdi.
Ranar da Gulbi ya kawo bana,
na ɗebo a murfin buta, na ɗura wa mai mangala.
Na ajiye shi a tire har gari ya waye.
Dalmar tsoho ta riƙe, ko ɗigo ba ya fitowa.